Ga ɗan maginin da Japan ta kira

Wasiƙar wannan makon daga Zariya ta zo. Na taƙaita ta, na kuma cire duk abin da zai sa a gane mai ita.

"Assalamu alaikum Malam. Shekarata 29. Na yi digiri na farko da na biyu a fannin zanen gine-gine, yanzu ina aiki a wani ofishin zane a Kaduna. Bana na nemi tallafin karatu na gwamnatin Japan ta ofishin jakadancinsu da ke Abuja. Na ci jarrabawa da intabiyu, aka ce in nemo farfesan da zai karɓe ni a matsayin ɗalibin bincike. Mutum biyu suka amsa. Ɗaya yana wata babbar jami'a a Tokyo, aikinsa dogayen benaye, ya ce in zo amma in ajiye abin da na rubuta zan bincika, in shiga aikin da suke kai. Ɗayan yana wata jami'a da ban taɓa jin sunanta ba, a wani ƙaramin gari, aikinsa bangon ƙasa, ya aiko min da tambayoyi har shafi biyu a kan tubali da azara.

"Malam, mahaifina magini ne, kakana ma haka. Ginin ƙasa na rubuta zan bincika, amma yanzu kunya nake ji. Baffana ya ce, 'Mu muna neman fita daga ƙasa, kai za ka tsallaka teku ka koyo kwaɓa ta?' 'Yan gida sun buga lissafin kuɗin da naira, kowa ya fara kawo buƙatarsa. Matata tana da goyo na wata biyar. Baba ya haura saba'in, ganinsa ya yi rauni, tun da na gaya masa bai ce uffan ba. Wani kuma ya ce min ɗalibin bincike ba ya samun digiri. In tafi ko in zauna? In zan tafi, wajen wa?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sanya alheri, ya raya abin da aka samu.

Ra'ayina shi ne ka tafi, kuma ka tafi wajen wanda ya aiko maka da shafi biyu. Amma akwai abubuwan da sai ka gyara kafin ka ɗaure kaya, mafi nauyinsu kuma yana zauren gidanku.

Wanda ya ce maka ɗalibin bincike ba ya samun digiri bai yi ƙarya ba, sai dai bai ƙarasa maganar ba. Matsayin da Japanawa ke kira kenkyusei mashiga ce. Ana ba mutum shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, gwargwadon ko a watan Oktoba ya sauka ko a Afrilu, watanni shida na farko sau da yawa koyon Japananci ne. A cikin wannan wa'adi zai zauna jarrabawar shiga digiri na jami'ar, ya kuma nemi a tsawaita masa tallafin. In ya ci, digirin digirgir shekara uku ne. In ya yi sake har wa'adin ya ƙare, zai dawo gida da takardar shaidar cewa ya yi zama a jami'a, shi ke nan. Don haka yau ɗin nan ka rubuta wa farfesan. Ka tambaye shi yaushe za ka iya zama jarrabawar, da wane harshe ake yin ta, ko an yarda a rubuta kundi da Turanci, kuma maƙala nawa ake son ɗalibi ya wallafa kafin a ba shi digiri. Wasu malaman sukan ce sai an sake digiri na biyu a wajensu, ƙarin shekara biyu ke nan, gara ka sani tun kana Kaduna. Ka tambayi shekarar da zai yi ritaya, kada ka yi nisa a aiki ya tafi ya bar ka. Ka roƙe shi adireshin imel na wani baƙon ɗalibi da ya gama a hannunsa. Malamin kirki ba ya jin haushin irin waɗannan tambayoyi.

Na dage a kan malamin ne saboda yadda karatun bincike yake a can. Ɗalibi ba ya yawo tsakanin malamai goma. Ɗakin bincike guda zai shiga, ɗakin da ake kira da sunan farfesan, a nan teburinsa yake, a nan zai wuni, a nan zai tashi duk mako ko biyu ya bayyana inda ya kwana a gaban malam da sauran ɗalibai. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san wannan zama: sunan gari ba ya koyar da almajiri, malamin da ya zauna gabansa shi ne makarantar. Mutumin da bai taɓa ganin ka ba ya zauna ya karanta abin da ka rubuta har ya fitar da tambayoyi shafi biyu, ya riga ya fara koyar da kai. Wancan kuwa ya gaya maka gaskiyarsa, hannu yake nema a aikinsa, kuma ba laifi ba ne.

Na san abin da ke jan ka zuwa Tokyo. Duk ɗalibin zanen gini a ƙasar nan ya san Kenzo Tange, wanda ya koyar a Jami'ar Tokyo, wanda kuma aka ba tsara tsakiyar birnin Abuja. Ilimin dogon bene a Japan ilimi ne na gaske, da jini aka saye shi. Girgizar ƙasa ta 1923 ta rushe Tokyo da Yokohama, suka tsaurara dokar gini a 1981, ta Kobe a 1995 ta sake koya musu darasi. Amma cutar da suke magani ke nan, girgiza. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Namu yoyon shi ne ruwan Agusta da ke cin gindin bango, da gara, da ɗakin bulo da kwano wanda ba ya kwantuwa a watan Afrilu, da buhun siminti da ya fi ƙarfin mai albashi. In ka shekara biyar kana lissafin yadda bene mai hawa hamsin zai yi lilo bai faɗi ba, ka dawo, sau nawa za a kira ka wannan aiki?

Game da maganar Baffa, kada ka raina ta. Ya ga katangar da ta zube a damina, ya san wahalar yaɓe duk shekara, ya san azara ta yi tsada don giginya ta yi ƙaranci, ya san a yau in aka ce gidan wane na ƙasa ne, talaucinsa ake nufi. Duk gaskiya ne. Abin da bai sani ba shi ne mutanen da ke ƙera Toyota suna kwaɓa ƙasa har gobe, kuma da alfahari. Maginan Japan sukan kafa ginshiƙan katako, su saƙa tsagin gora a tsakani kamar asabari, sannan masu yaɓe, waɗanda suke kira sakan, su zo da ƙasar da aka haɗa da daddatsattsen karan shinkafa aka bar ta watanni tana ruɓa. Su yaɓa kashi na farko, ya bushe ya tsattsage, su bi da na biyu, su rufe da farar ƙasa. A 2020 hukumar UNESCO ta sa sana'o'in gyaran gine-ginen katako na Japan cikin jerin al'adun gado na duniya, har da wannan yaɓe. Ka karanta wa Baba wannan ka ga ko ba zai gyara zama ba, domin shi ma ya san ba a kwaɓa ƙasa yau a yi gini da ita yau. Sai an zuba ciyawa, an jiƙa, an tattake, an bar ta ta kwana ta kwana.

Akwai bambanci, kuma a cikin bambancin bincikenka yake. Su katako ne ke ɗauke da rufin, ƙasar cike ce. Mu bangon tubali shi ne ke ɗaukar komai. Azara gajera ce, ba ta tsallaka ɗaki mai faɗi ita kaɗai, shi ya sa kakanninka suka ƙago bakan gizo da ɗaurin guga, suna ɗora azara kan azara tana leƙowa kaɗan-kaɗan har baka biyu su haɗu a sama. Don ruwa kuma suka samo makuba daga kwasfar ɗorawa, da laso daga katsin marina da gashin jima da dafara. Farfesan nan ya san ƙasa, yana da na'urar da za ta matse tubali har ya fashe ta faɗi nauyin da ya ɗauka, da wadda za ta auna yadda laima ke hawa bango da yadda zafi ke ratsa shi. Amma bai san makuba ba. Kai ka san ta, ba ka da na'urar. Shi ya sa ya rubuto shafi biyu.

Kuma ba sha'awar tarihi kaɗai nake magana ba. Kai ɗan Zariya ne. Ka san Masallacin Juma'a da Babban Gwani Mikaila ya gina a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, ginin da masana daga ƙasashe suke zuwa su ɗaga kai su kalli bakunansa. Ka kuma san abin da ya faru a watan Agusta na 2023, lokacin da wani ɓangarensa ya rufta ana sallar La'asar, aka rasa rayuka. Allah ya jiƙansu. Muna da gine-ginen ƙasa da suka haura shekara ɗari a Kano da Katsina da Zazzau da Damagaram da Agadas, mutane na kwana a ciki, suna salla a ciki. Muna bukatar wanda zai iya shiga ya duba ya ce wannan azarar ta gaji, wannan bangon ya sha ruwa, a fita, ko a gyara ta kaza. Wanda zai iya faɗin haka da harshen magina da kuma harshen injiniyoyi, ya rubuta alƙaluman da hukumar tsara gari za ta yarda da su. Mutum nawa ka sani da ke jin harsunan nan biyu?

Wani abu kuma da zan so ka lura da shi in ka je. A Ise akwai wurin ibadarsu da suke sāke ginawa duk shekara 20, na baya-bayan nan a 2013. Ibadarsu tasu ce, ba ruwanka da ita. Abin lura shi ne dabarar: kowane kafinta yana samun ya yi aikin yana yaro, ya sake yi yana gwani, don haka sana'ar ba ta mutuwa da mutuwar tsoho. Yaɓen da muke yi kafin damina haka yake aiki a da. Da muka daina, ba bango kaɗai ya lalace ba, yaran da za su koya ma sun watse.

In Baffa yana son misali, ka ba shi labarin Francis Kéré na ƙauyen Gando a Burkina Faso. Tallafin karatu ya kai shi Jamus, ya karanta zanen gini a Berlin, tun yana ɗalibi ya dawo ya gina wa ƙauyensu makaranta da bulon ƙasa a 2001. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya samu kyautar Pritzker, wadda babu ta sama da ita a wannan fanni. Kusa da mu ma, a Dandaji ta jihar Tawa a Nijar, Mariam Issoufou da abokiyar aikinta sun mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon ƙasa. Tun 1986 kuwa masallacin Yama, aikin magini Falke Barmu, ya samu kyautar Aga Khan. Ka faɗa masa da ladabi, sau ɗaya, kada ka mai da shi gardama.

Sai kuɗi. Nan ne na fi jin tsoron ka cuci kanka da kunya. Abin da ake ba ɗalibin bincike yen 143,000 ne a wata, ya ɗan ƙaru zuwa 145,000 a digiri na uku. Ba ka biyan kuɗin makaranta, akwai tikitin zuwa da na dawowa in ka gama. In aka juya shi zuwa naira yana da daɗin ji, amma da yen za ka biya haya da wuta da abinci da jirgin ƙasa. Kuɗi ne da aka auna don cikin mutum ɗaya. Na farko ma ba ya shigowa sai ka yi wata guda ko fiye, shi ya sa su da kansu suke cewa a zo da kimanin dala 2,000 a hannu. In ka bar masaukin jami'a, kama ɗaki yana da kuɗin ajiya, wani wurin har da kuɗin godiya ga mai gida wanda ba a mayarwa, ga neman wanda zai tsaya maka. Inshorar lafiya dole ce, ita ke biyan kashi 70 na kuɗin asibiti, kai ka biya 30. An yarda ɗalibi ya yi aikin awa 28 a mako in ya karɓi izini, amma duk awar da ka ba shago daga bincikenka ka cire ta. A nan ma ƙaramin gari ya fi maka, haya a Tokyo ba ta da tausayi.

Ka tara 'yan gida kafin ka tafi, ka gaya musu wannan dalla-dalla. Ka ce ga abin da zan iya aikowa Baba da Inna duk wata, ga na iyalina, bayan haka babu. Ka faɗi adadin da ka san ko a watan da ya fi tsanani za ka iya. Za a ji haushi na sati biyu. Ya fi a shekara biyar ana cewa ka samu duniya ka manta da mutane, kai kuwa kana can kana cin shinkafa da ƙwai.

Matarka layi ɗaya ka ba ta a wasiƙarka, ban ji daɗin haka ba. Ka gaya min abin da Baffa ya ce, ba ka gaya min abin da ita ta ce ba. Tafiyar shekara huɗu ko biyar da haƙƙinta a ciki, sai da yardarta. Ku zauna ku biyu, ka shimfiɗa mata komai. Tallafin ba ya biyan tikitinta, amma doka ta yarda ɗalibi ya ɗauko iyalinsa bayan ya zauna ya samu ɗaki, ya nemo musu takardar izini a ofishin shige da fice. Shawarata ka riga su, ka ci jarrabawar shiga digiri, sannan su biyo ka. Ka kuma gaya mata gaskiyar zaman can: ɗaki ƙarami, sanyi, babu maƙwabciyar da za ta leƙo, kai kuma kana ɗakin bincike har dare. Wata za ta ce ta ji ta gani, wata za ta fi son zama kusa da mahaifiyarta kana zuwa hutu. Ta zaɓa da kanta. Kafin ta taho, a san inda za ta zauna, kuɗinta kuma ya riƙa shiga asusunta kai tsaye, kada ya bi ta hannun kowa.

Addini ba zai gagare ka ba. Masallacin Kobe tun 1935 yake tsaye, Tokyo na da babban masallaci, a garuruwan jami'a kuma da wuya ka rasa ɗaliban Indonesiya ko Malesiya ko Bangladash ko Masar da suka tanadi wurin salla. Kifi da shinkafa da ganye a wadace suke. Abin kiyayewa shi ne alade da giyar girki da suke sakawa a miya da kayan gwangwani, don haka ka fara koyon haruffan waɗannan kafin na gaisuwa ma. Ranar farko ka gaya wa malaminka ba ka shan giya, kuma ranar Juma'a da rana za ka fita. In suka yi walimar ɗakin bincike ka je ka sha shayi, a nan ake sabo. Kada ka sa kilishi a jaka, ba a shiga ƙasar da nama. Ofishinku na Kaduna ku rabu lafiya, in kuma ba ka kammala rajistarka da ARCON, hukumar rajistar masu zanen gine-gine ta Najeriya ba, ka san digirin Japan ba zai tsaya a madadinta ba.

Tunda bincikenka a kan ginin gida ne, dole ka riƙa dawowa aunawa da ɗaukar samfuri. Ku yi wannan magana da farfesan tun yanzu, domin ɗalibi yakan sa hannu duk wata kafin a biya shi, wanda ya daɗe ba ya jami'a ba a ba shi na wannan lokacin. A tsara tafiye-tafiyen da saninsa, zai fi kyau su faɗo ƙarshen rani, lokacin da ake yaɓe.

Saura Baba.

Ban san zuciyarsa ba, kai ka fi ni saninsa. Amma na san dattawa irinsa. Mutumin da ya ga sana'ar ubansa tana mutuwa a hannunsa, ya tura ɗansa boko don kada ya gaji wahala, yanzu aka ce masa ɗan zai tafi ƙasar da ba a san ranar dawowa ba, ga ido ya tafi. Me zai ce? Ina zaton ko abin da za ka karanta ba ka gaya masa ba, kunyar da Baffa ya sa maka ta hana. Wataƙila shi ma ɗauka yake za ka koyo ginin gilashi ne.

Ba zan rufe ka ba, mai shekara saba'in da ɗoriya yana iya rasuwa kana can, kamar yadda kai ma kana iya riga shi. Tafiyar ta fi yini guda a jirgi, ba lallai ka samu jana'iza ba. Ka san da wannan, ka ware kuɗin tikiti guda da ba ka taɓawa, ka kuma nemi izininsa da bakinka, kada ka ɗauki shirunsa a matsayin amsa. In ya fahimci komai ya ce kada ka tafi, ka sake rubuto min, wannan wata magana ce daban.

Ga yadda nake so ka je masa. Bayan sallar Isha, ku biyu, ka tafi da takardar nan mai shafi biyu. Ka ce, "Baba, wani malami a Japan ya yi min tambayoyi a kan aikinku, na kasa amsa wasu." Ba dabara ba ce, na tabbata akwai waɗanda ba za ka iya amsawa ba. Ka fassara masa su ɗaya bayan ɗaya, ka kunna rikodar wayarka da izininsa. Daga wane kududdufi suke ɗibar ƙasa, yaya yake gane mai kyau da hannu, kwana nawa ake barin ta, wace giginya ake sara kuma a wane wata, me ya sa wani soron ya shekara ɗari wani ya faɗi a goma. Tsakanin yanzu da tafiyarka akwai watanni, domin sai gwamnatin Japan ta yanke hukuncin ƙarshe kan tallafin. Duk ƙarshen mako ka hau mota zuwa Zariya. Ka riƙe hannunsa ku zaga gidajen da ya gina, shi yana shafa bango yana faɗi, kai kana awo kana ɗaukar hoto. Ya kai ka wajen sauran tsofaffin magina da Sarkin Magina tun suna da rai.

In ka zo mayar wa farfesan amsa, ka rubuta a ƙarƙashin kowace wadda Baba ya bayar cewa daga bakinsa ta fito, da sunansa da sunan kakanka. Ka karanta masa kafin ka aika.